Idan Dole Ta Sa Aka Bar Tirela A Daji

Duk wanda ya saba bin hanyar Tawa zuwa Agadas, ko ta Damagaram zuwa Tanut, ko kuwa ta Mora zuwa Kusiri a arewacin Kamaru lokacin damina, ba zai rasa ganin tirela tsaye a gefen hanya ba kai ba. Ta dogara bisa ƙafafunta biyu na ƙarfe, tamfol a ɗaure, wani lokaci da yaron mota kwance a inuwarta, wani lokaci kuwa ba kowa sai ƴan rassan itace da aka jera bisa hanya don masu zuwa su kauce. Kan motar ya tafi gari neman bakanike ko kayan gyara, ko kuma ya je jawo wata motar da ta kafe cikin rairayi. A cikin wannan tirela akwai shinkafa ko sukari ko albasa ko atamfa, kuma sau da yawa ba dukiyar mutum guda ba ce, jarin mutum biyar ne ko goma da suka haɗa kuɗin haya, wasunsu ma bashi suka karɓo kayan daga hannun manyan ƴan kasuwa.

Saboda haka ba direbobi kaɗai maganar ta shafa ba. Ɗan kasuwar da ya loda kayansa a Maraɗi ko Jibiya ko Ƙonni ya koma rumfarsa yana jiran waya, shi ne zai kwana ciki idan aka fasa tirelar, domin direba albashinsa yake jira, mai mota kuma motarsa yake ji. Ya kamata ke nan mai kaya ya san abin da ake yi wa tirela idan dole ta sa aka kwance ta aka tafi, don ya san irin tambayar da zai yi tun a tasha, kafin a ɗora buhun farko.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna mana cewa ba lalacewar mota kawai ke sa a bar kaya a hanya ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar kuma aka sake rufe iyakoki, ɗaruruwan manyan motoci suka yi wata da watanni a Malanbil, bakin gadar da ke tsallakawa zuwa Gaya. Mai mota ba zai iya barin kan motarsa zaune rabin shekara ba, kuma direba na da iyali. Wanda ya ga wannan zama ya san cewa tirelar da aka ce kwana biyu za ta yi tana iya yin wata uku.

Tirela ba ta da makulli

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ita tirela ba ta da makulli irin na mota. Abin da ke haɗa ta da kai wani gajeren turke ne na ƙarfe da ke ƙarƙashin gabanta, wanda ke shiga bakin faifan ƙarfen da ke bayan kan mota ya kulle. Kaurin wannan turke iri ɗaya ne a kusan dukkan tireloli, inci 2, watau milimita 50 da ɗan ɗoriya, in banda na masu ɗaukar kaya mai nauyin gaske da ke da inci 3 da rabi. An yi haka ne da gangan don sauƙin aiki, yadda kan Mercedes ko DAF ko Renault ko Howo zai iya ɗaukar tirelar da bai taɓa gani ba. To wannan sauƙi shi ne kuma sauƙin ɓarawo. Ba ya bukatar fasa kome. Kai kawai zai zo da shi, ya yi baya ya shiga ƙarƙashinta, ya haɗa tiyon iska, ya naɗe ƙafafu, ya kama hanya. Babu kuma wanda zai tsayar da shi, domin duk wanda ya ga kan mota ya zo ɗaukar tirela zai ɗauka mai ita ne ya dawo.

Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai wani zoben ƙarfe mai kauri da ake sawa turken a kulle, ta yadda ba zai shiga bakin faifan ba. Ana sayar da na kamfani, amma mai walda da ya san aikinsa zai iya ƙera shi da guntun bututu mai kauri, muddin ya yi wa kwaɗon gida a ciki yadda almakashin ƙarfe ba zai kai ga wuyansa ba. Sai dai a ɗaura masa jan ƙyalle mai tsawo da ke reto, domin direban da ya dawo cikin dare a gajiye yana iya mantawa ya yi baya da ƙarfi ya lalata faifan motarsa da kansa.

Sai maganar birki. Tirelolin zamani suna da birki mai sifirin wanda ke damƙe tayoyi da kansa da zarar iska ta fita, ba ya saki sai an sake ba shi iska ta jan tiyo. Shi ya sa wasu ke kulle bakin da ake haɗa wannan tiyo, wanda shi ma ƙarin jinkiri ne ga mai mugun nufi. Amma tsofaffin tirelolin da suka cika hanyoyinmu, da yawansu iskar da ta rage cikin tanki ce kawai ke riƙe birkinsu, ita kuwa tana zurarewa a hankali, yau da gobe sai a wayi gari babu abin da ke riƙe da tan talatin sai ƙafafu biyu. Don haka weji dole ne, gaba da baya, ko da wurin ya yi kama da shimfiɗaɗɗe. Ƙafafun kuma kada a sauke su bisa rairayi ko laka sai an shimfiɗa katako mai kauri da faɗi. Tirela mai lodi in ƙafafunta suka nutse, gabanta zai sunkuya har kai ya kasa shiga ƙarƙashinta, daga nan sai jak da haƙa, ko a sauke kayan gaba ɗaya a tsakiyar daji. Asarar da ake yi ta wannan hanya ba ta bukatar ɓarawo ko ɗaya.

Ƙananan tireloli, irin waɗanda ake ja da Hilux ko Land Cruiser ko tarakta zuwa kasuwannin ƙauye, sun fi saurin ɓata. A nan akwai abin koyo daga masu yawon buɗe ido na Ostareliya da Afirka ta Kudu da Namibiya, waɗanda ke jan wani ɗan ɗakin kwana mai taya zuwa daji, su kwance shi a zango su tafi hawan duwatsu da motar kawai, su wuni ko su kwana. Tun da daɗewa suka gane cewa kulle bakin jan kawai ba ya isa, domin ɓarawo na iya rataya sarƙoƙin tsaron da ke gaban tirelar a bayan motarsa ya ja ta haka nan zuwa inda zai zauna ya yanke makullin a natse. Saboda haka sukan kulle sarƙoƙin su ma, su zura wata sarƙar mai kauri ta cikin ramukan taya su zagaya da ita jikin shasi ko gindin itace, su juya bakin jan ya fuskanci dutse ko kututture yadda mota ba za ta iya matsowa da baya ba. Wanda zai daɗe kuwa sai ya ɗaga tirelar bisa katako ya cire taya guda ya tafi da ita, har da notocinta. Wannan dabara ta ƙarshe ba ta cin ko dala, kuma a ganinmu ta fi kwaɗon kanti da yawa amfani, domin ba kowane ɓarawo ne ke yawo da tayar da ta dace ba.

Amma kada kowa ya ruɗi kansa. Tun da injin yankan ƙarfe mai batir ya shigo kasuwa, babu kwaɗo ko sarƙar da ba a yankewa. Abin da ƙarfe ke saya wa mai kaya lokaci ne da ƙara: ɓarawo ya ɓata minti ashirin maimakon biyu, tartsatsi na tashi, injin na kuka. Wannan kuwa yana da amfani ne kawai idan akwai kunnen da zai ji. A tsakiyar Tenere, inda ba kowa, mai injin yana da dare guda cur, ba mai tambayarsa.

Ina za a bar ta, a hannun wa?

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu direbobi na ganin gara a janye tirela daga hanya a ɓoye ta bayan tudu ko cikin itatuwa, don wanda bai gani ba ba zai yi sha'awa ba. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba, sai fa in babu wata dabara. Sawun tayar babbar mota ba ya ɓoyuwa a rairayi, makiyayi da mai babur duk za su gan shi, kuma wurin da ya ɓoye tirela daga idon matafiya ya ɓoye ɓarawon shi ma. In dai motar na iya motsawa, ko da tafiyar hawainiya ce, gara a lallaɓa ta zuwa gari mafi kusa, ko rijiyar da ake taruwa, ko shingen jandarma ko na duwan, ko da za a ɓata rabin wuni a kan kilomita goma.

Wuri guda da ba a barin mota ko kusa shi ne cikin kori. A ƙasar Abzin kori kan zama busasshe, ga inuwar itatuwa, ga ƙasa a kwance, sai ya ja hankalin baƙo. Amma ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa, inda ko hadarinsa ba a gani ba, yana iya saukowa cikin dare ya tafi da duk abin da ya tarar. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, lokacin da ruwan korin Telwa ya shiga gari ya rushe dubban gidaje. Ruwan da ya yi wa gari haka, tirela ba kome ba ce a gabansa.

In tirelar mai ƙofa ce a baya, ko kwantena ce a kanta, sai a matsa bayanta jikin bango ko jikin wata tirelar yadda ƙofar ba za ta buɗu ba. In mai tamfol ce, to tamfol ruwa da ido kawai yake tsarewa, wuƙa ba ta san shi ba. Shi ya sa tun wajen lodi ya kamata kaya masu tsada da sauƙin ɗauka, irin su katan-katan na wayoyi, atamfa da kayan gyaran babur, su shige gaba da tsakiya, buhuna masu nauyi su rufe su. Kuma yawancin satar da ake yi wa tirelar da aka bari ba ta ɗauke ta gaba ɗaya ba ce, ƴar tsince-tsince ce: safaya, fitilu, igiyoyi, jak, jarkar gazuwal, buhu biyu daga baya. Duk abin da hannu zai iya kwancewa a tafi da shi cikin kan mota, takardun mota da na kaya kuwa ko da wasa kada su kwana a tirela.

Kakanninmu fatake da suka yi ta kai goro daga Gwanja, da masu ayarin gishirin Bilma da Fashi, ba su da kwaɗo ko ɗaya da ya kai na yau, amma suna da tsari. Madugu ba ya sauke ayari sai a zango, kuma bai isa ya kwana a ƙasar wani ba tare da ya gaida mai ƙasar ba. A gari kuwa akwai fatoma ko maigida, wanda baƙo ke sauka wurinsa ya ajiye kaya, shi kuma ya tsare su domin sunansa ne jarinsa. Wannan tsari bai mutu ba, mu ne dai gaggawa ke sa mu tsallake shi. Direban da zai bar tirela kusa da ƙauye, aikinsa na farko ya je ya gaida maigari, ya faɗi ko shi wane ne, motar wa ce, yaushe zai dawo, ya roƙi a ba shi mai gadi. Mai gadin da maigari ya bayar ya fi wanda aka tsinta bakin hanya sau goma, domin in wani abu ya ɓata akwai wanda za a tambaya, kuma garin gaba ɗaya ya san kunyarsa ce.

Amanar kuma a ba da ita a gaban shaidu. A zagaya tirelar tare, a ƙirga tayoyi, a duba ɗaurin igiya, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. A biya rabin ladan gadi nan take, rabi sai an dawo. Sa'an nan, abin da aka fi mantawa, a faɗa wa mai gadi da maigari wanda zai zo ɗaukar tirelar, da lambar kan motar da zai zo da shi, a kuma ce kada a sakar wa kowa ita sai an kira lamba kaza an ji muryar mai ita. In ba a yi haka ba, wanda duk ya zo da kai ya ce Alhaji ne ya aiko shi, mutanen gari da kansu za su taya shi cire weji.

Yaron mota ba kwaɗo ba ne

Al'adar da aka saba ita ce a bar yaron mota. Shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne ba ya iya cewa a'a, sai a miƙa masa ƴan kuɗi da jarka guda a ce gobe war haka mun dawo. Goben nan kuwa kowa ya san halinta. Ba a sami kayan gyaran a Arlit ba sai an aika Agadas, kilomita wajen 240, a Agadas ma babu sai an kira Kano. A watannin Afrilu zuwa Yuni zafi a waɗannan wurare kan haura digiri 45. Shawararmu, kada lissafin ruwa ya gaza lita 10 ga mutum guda a kowace rana, a kuma ninka kwanakin da ake zato sau uku. In ruwan da ke akwai bai kai haka ba, to a kulle abin da za a iya kullewa a tafi da yaron.

Ba mu faɗi wannan don tsoratarwa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, bayan motoci biyun da suka ɗauko su sun lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. Su matafiya ne, ba masu gadin kaya ba, amma hamadar ba ta bambanta wanda ke jiran mota da wanda ke jiran direba. Daga Agadas zuwa Dirku sama da kilomita 600 ne, mafi yawansu ba wayar salula, wannan ne ya sa direbobin wannan hanya suka daɗe da riƙon wayar Thuraya, kuma suka fi son tafiya cikin ayari. Wanda aka bari a irin wannan wuri ba tare da hanyar kiran kowa ba, an bar shi ne kawai.

A kudu kuma, musamman dazuzzukan da ke tsakanin jihar Maraɗi da jihohin Katsina, Zamfara da Sakkwato, matsalar ta ƴan bindiga ce. A nan a faɗa wa yaro da mai gadi baki da baki cewa aikinsu gani ne da kira, ba faɗa ba. In masu makami suka zo, su ba da wuri. Yaron da aka bari shi kaɗai a irin wannan daji ma shi kansa abin ɗauka ne, kuma kuɗin fansarsa na iya fin kuɗin albasar da yake gadi.

Sauran magana ta takarda ce, kuma gajeriya ce. Kafin a tafi a ɗauki hoton tirelar ta kowane gefe da waya, da lambarta, da lambar shasi da ke buge a jikin ƙarfe, domin lambar da ke rataye a baya minti biyar ya isa a sauya ta. Wasu masu motoci kan sa mai walda ya rubuta wata alama tasu a wani lungu da su kaɗai suka sani. In kwantena ce a rubuta lambarta, haruffa 4 da alƙaluma 7, da lambar hatimin da ke ƙofarta. In kayan na wucewa ne ƙarƙashin hatimin duwan, kada a kuskura a yanke shi don sauya mota sai an sanar da ofishin duwan ko jandarma mafi kusa sun rubuta abin da suka gani, in ba haka ba mai kaya zai tsira daga ɓarawo ya faɗa hannun hukuma. Na'urar bin sawu kuma tana da amfani, amma galibi a kan mota ake sa ta, alhali kaya na tirela. Wadda za a sa wa tirela sai mai batirin kanta, a ɓoye ta, a kuma tabbata layin da ke cikinta na aiki a ƙetaren iyaka, a kuma san cewa inda ba sabis ba za ta ce kome ba sai an fito da tirelar inda akwai.

Game da inshora, ko asirans kamar yadda ake cewa a wannan gefen, ƴan kasuwa da yawa na zaton takardar da direba ke nuna wa jandarma ta rufe kayansu. Ba haka ba ne. Inshorar dole ta mota, da katin nan mai ruwan ƙasa na ƙasashen CEDEAO, da mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC, duk ɓarnar da mota ta yi wa wani suke biya, ba kayan da aka sace daga cikinta ba. Inshorar kaya daban ake yankar ta, kuma wanda zai yanka ya sa a karanta masa sharaɗin da ya shafi motar da aka bari ba mai tsaro, domin a nan ne kamfani kan sami ƙofar ƙin biya.

Wanda ba shi da halin inshora, kuma su ne mafi yawa a kasuwanninmu, abin da ya rage masa shi ne yarjejeniyar da zai yi da mai mota a gaban shugabannin tasha ko na ƙungiyar direbobi: in mota ta lalace wa za a fara kira, wa zai biya mai gadi, kwana nawa za a jira kafin a nemo wani kan ya ƙarasa da kayan, kuma kuɗin wannan kan na wuyan wa. Masu albasa da tumatir da barkono ɗanye su suka fi bukatar a yanke wannan adadin kwanaki tun a tasha, domin kwana huɗu ƙarƙashin tamfol a watan Mayu ya isa a buɗe a tarar da buhuna cif yadda aka ƙirga su, amma babu na sayarwa a ciki.